Fitila Tukuna

A gyara zama, a rage rediyo, masu shan rake su dakata da tofi. Ga Kumai na Fadan Kagoma, sarkin ƙarƙashin ƙasa, gwamnan rijiyoyin Jama'a da kewaye, farfesan da bai taɓa ɗumama bencin aji ba, mutumin da ya shayar da rabin Kafanchan amma ko lungu ba a sa wa sunansa ba. Mai son ganin wannan babban mutum ba sai ya cika fom ba. Ya bi ta bayan kasuwa inda shagunan citta suke, zai tarar da wani dogon dattijo a kan benci, da basilla a hannu, yana ɗinke bakin buhu. Shi ke nan, ya gan shi.

Kawuna ne, yayan mamata. Ni sunana Gershon. Na bar makaranta a aji biyar na sakandare, bayan ni da lissafi mun amince ba za mu iya zama tare ba. Na yi acaɓa, na sayar da layin waya, na yi kwana tara ina koyon walda, yanzu ina dakon buhu a shagon Madam Lai'atu, inda shi ma yake ɗinki. Kullum muna tare. A yini yakan faɗi kalma kamar goma, bakwai daga ciki “to” ne.

Bai san shekarar haihuwarsa ba. Ya ce dai lokacin jirgin ƙasa yana shigowa Kafanchan a kan kari, har mata suna ɗora tukunya da kukansa. Babansa mai haƙar rijiya ne, shi ma yana tasowa aka miƙa masa igiya. Shekara uku yana jan gugan ƙasa daga sama kafin a bar shi ya sa ƙafa a rami. Ya haƙa a Kwoi, ya haƙa a Samaru Kataf. Ya haƙa wa coci, ya haƙa wa masallaci, ya haƙa wa wasu Fulani a ruga suka ba shi tunkiya, ta tsinke igiya a hanya ta koma gida. Yakan ɗebi ƙasar da ta fito a guga ya murza, wani lokaci ya ɗanɗana, ya ce saura gaba biyu a sami ruwa. In ya kuskure, da rabin gaba ne. Na taɓa tambayarsa rijiya nawa ya haƙa a rayuwarsa. Ya ce ba shi ke shan ruwan ba, me zai sa ya ƙirga.

Amma ba don wannan aka san shi ba. Don fitila ne. Yana da wata aci-balbal ta gwangwanin madara wadda ya gada. Kafin ƙafar mutum ta shiga rijiya, sai ya kunna ta, ya ɗaura a siririyar igiya, ya zura a hankali har ƙasa. In ta kai tana ci, a shiga. In ta mutu a hanya, iskar ramin ta lalace ke nan. Sai a ɗaure rassan mangwaro masu ganye a igiya, a yi ta saki ana ja, ana kaɗa iskar, sannan a sake zura fitila. Ko ramin da ya fito daga ciki jiya da yamma ne, da safe fitila za ta riga shi. Masu gida sukan gaji da jira su ce, “Baba, a fara mana.” Sai ya ce, “Fitila tukuna.” Da haka sunan ya bi shi. Akwai unguwannin da in ka ce Kumai ba a gane ba, sai ka ce Fitila Tukuna.

Dokar tana da ƙanwa. In mutum ya yi shiru a ƙasa, ba mai bin sa sai fitila ta sauka ta yarda. Babansa ya ba shi labarin wani gida inda maza uku suka bi juna, kowa ya je ɗauko na gabansa, aka binne su rana ɗaya. Kawu yakan ce rijiya ba ta ƙin ƙari.

'Ya'yansa biyar, huɗu mata, sai Boaz. Ni da Boaz taubasai ne kuma sa'o'i, wata biyu ne tsakaninmu, kuma a kan watannin nan biyu ya sa ni dole in riƙa ce masa yaya. Shi ya gaji sana'ar. A lokacin bohol, rijiyar burtsatse, ya cinye aikin haƙa, abin da ya rage musu yawanci yasa ne, wato kwashe ruwa da laka daga tsohuwar rijiya in rani ya yi nisa. Boaz mai son inji ne. Ya ce jan ruwa da guga aikin zamanin Nuhu ne, ya samo injin jan ruwa mai amfani da fetur.

A watan Maris na shekarar da citta ta ruɓe a gona, suka sami yasa a wani gida a bakin gari. Ni na kai su a babur, na zauna jiran su saboda matar gidan tana suyar ƙosai. Rijiyar gaba tara ce. Tiyon injin bai kai ruwa ba. Kawu ya ce a bari ya je ya aro ƙari a wajen wani mai bulo, ya tafi da ƙafa. Yana ba da baya Boaz ya ɗaure injin da igiya, ya tayar da shi, ya zura shi cikin rijiyar har tsakiya, ya ce ga tiyo ya kai. Ni na riƙe masa igiyar. Har yaba masa na yi, na ce kai injiniya ne aka yi asarar ka. Injin ya yi ta aiki a ciki yana hayaƙi har ruwan ya ƙare. Muka jawo shi. Boaz ya tuɓe riga ya shiga, yana taka ramukan da ake sassaƙawa a bangon rijiya don ƙafa. Fitilar tana cikin jakar babansa a jikin babur.

Kawu ya dawo da tiyo a kafaɗa. Ya dubi injin, ya dubi rigar a ƙasa, ya leƙa ya kira sunan. Boaz ya amsa sau ɗaya. Na biyu bai amsa ba.

Na sa ƙafa ɗaya a bakin rijiyar. Kawu ya damƙe ni ta wuyan riga ya wurgar da ni gefe, rigar ta yage har ƙugu. Na tashi na sake zuwa, ya sake ture ni, ya ce wa maza biyu na gidan su zauna a kaina. Suka zauna. Ina kwance ina kallo ya buɗe jaka, ya kunna fitila, ya zura. Ta mutu a gaba biyar. Ya sari rassan mangwaron gidan ya yi ta kaɗawa. Ya sake zurawa, ta mutu a bakwai. Ya ci gaba. A karo na uku ta kai ƙasa tana ci, ya shiga, ya ɗaure ɗansa da igiya, muka ja. Wajen rabin awa aka yi. Ba a ma je asibiti da gudu ba.

An yi jana'iza, fasto ya yi wa'azi, matan zumunta sun yi waƙa, an ci shinkafa. Mutane suka yi maganarsu. Wasu suka ce dattijon ya ceci rai. Wasu suka ce wane irin uba ne zai tsaya kunna fitila. Matarsa, Mama Hulda, ba ta ce ko ɗaya ba. Tana ajiye masa abinci, tana ɗauke kwano. Shi kuma ya ba da diga da shebur da guga kyauta, bai sake leƙa ko rijiyar gidansa ba. Abu ɗaya ya ƙi rabuwa da shi, wani buhun siminti da ya rage daga aikin zoben rijiya. Ya bar shi a bayan ɗaki har ya daskare, an ɗaɗɗaure shi da igiya ta yadda za a iya goya shi. Na tambaye shi ko amarya ce ya yi bai gaya mana ba. Ya ce, “To.”

Ni ban daina tsokanarsa ba, don ban san wata hanyar magana da shi ba. Amma rigar nan da ta yage tana ƙasan akwatina. Ban ɗinke ta ba, ban yar ba. Kuma shekara biyu ina da lissafi ɗaya a kaina, ni da na ce ba na lissafi: gaba tara ce kawai. Da an bar ni, numfashi ɗaya zan ja, in sauka, in saɓo shi, in fito.

Wata Asabar da rana ana ruwa, ba aiki, muka fake a shagon aski na Abdulhafiz da ke kusa da tasha. Mama Hulda ce ta turo Kawu, ta ce ba zai je sujada gobe da gemu kamar ɗan gudun hijira ba. An kawo wuta, Abdulhafiz ya sa fim ɗinsa na 'yan sama-jannati, irin wanda aka ɗora wa fassarar Hausa, mai fassarar yana ihu fiye da 'yan fim ɗin. Ya kalle shi sau tara, yana kare shi kamar babansa ne ya shirya. Labarin wasu mutane ne da kumbonsu ya faɗi a wata duniya da ba iska. Kowa yana yawo da hular kwano ta gilashi da tukunyar iska a baya.

Mu biyar ne a benci, kowa farfesa.

Wani mai gyaran waya ya ce, “Yanzu matar nan wata takwas a sama, kitsonta bai tsufa ba?”

Abdulhafiz ya ce, “Akwai injin kitso a kumbon. Ba komai ake nuna maka ba.”

Na ce, “Ni ba kitso ne ya dame ni ba. Daga wata duniya yana kiran matarsa, murya tangaran. Ni a Kwoi sai na hau tudun citta kafin in ji mamata.”

“Layinsu daban ne.”

“Tun da aka fara ba wanda ya zagaya bayan gida.”

“Gershon, kai a fim ɗin ma abin da kake nema ke nan?”

Aka yi dariya. Kawu yana kan kujera, an yafa masa ƙyalle, an aske rabin kai. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake.

Sai aka zo wurin da Abdulhafiz ya fi so. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa wani rami mai zurfi tare da ɓaraguzan kumbon, hularsa ta fashe, ya suma. A ƙasan ramin ƙarafa suna ci da wuta. Bakin ramin ya yi ƙunci, mutum ba zai wuce da tukunya a baya ba. Sai shugabansu ya cire tasa, ya ja numfashi ɗaya, ya bi igiya ya sauka, ya saɓi abokinsa, ya hawo da shi. Aka sa masa iska, ya yi tari, ya buɗe ido. Kiɗa ya tashi. Mai fassara ya kusa yin kuka.

Kawu ya ce, “Mai da shi baya.”

Abdulhafiz ya kashe kilifa. “Na'am, Baba?”

“Wurin ramin.”

Ya ɗauki rimot ya mayar. Duk muka juyo, don wasunmu ba su taɓa jin muryarsa ba.

Kawu ya ce, “Mene ne wancan ke ci?”

“Wuta ce, Baba. Injin kumbon ne ya fashe.”

“Ba ka ce ba iska a wurin ba?”

“E, babu.”

“To wutar me take sha?”

Abdulhafiz ya sosa ƙeya da rimot. Ya ce wataƙila wuta ce ta musamman.

Kawu ya ce, “Wuta ɗaya ce. In tana ci, ba sai ya riƙe numfashi ba. In sai ya riƙe, ba za ta ci ba. Su zaɓi ɗaya.”

Mai gyaran waya ya tafa hannu, ya ce yau an kama Turawa.

Kawu bai yi murmushi ba. Ya ce, “Wa ke riƙe da igiyar a sama?”

Muka duba. Ba kowa. Sauran suna tsaye suna kallon ramin suna kiran suna.

“A jikin me aka ɗaura ta?”

Ba a nuna ba.

“Minti nawa ya yi?”

Mai gyaran waya ya sa agogon wayarsa, aka sake mayarwa, muka ƙirga daga jan numfashi zuwa fitowa. Minti huɗu da ɗan kai.

Kawu ya ce, “Da mutum a kafaɗa.”

Abdulhafiz ya ce, “Baba, ai horo ake ba su. Kuma a can abu ba ya nauyi kamar nan.”

“Da ba ya nauyi, da wancan bai faɗa ba.”

Aka sake dariya. Ni ma na yi niyyar yin wasa ne, na rantse. Na buɗe baki da muryar da nake tsokanarsa da ita kullum, amma abin da ya fito shi ne: “Kawu, ba maganar minti ba ce. In kana son mutum da gaske, numfashi ɗaya ya isa.”

Ba wanda ya yi dariya. Duk shagon sun san labarin. Mai gyaran waya ya sunkuya yana duba takalminsa. A talabijin 'yan sama-jannati suna rungumar juna. Kawu ya dube ni ta cikin madubi, ba fushi, ba komai, kamar yadda yake duban buhun da zai ɗinka.

Ya ce wa Abdulhafiz, “Ƙarasa min askin.”

Aka ƙarasa. Ya fita cikin ruwan ba lema.

Lahadi na zauna a bayan coci, shi yana gaba a layin dattawa da sabon aski. Ban ji wa'azin ba. Litinin muka yi aiki kamar kullum, ina kawo buhu, yana ɗinkewa. Ban tsokane shi ba, shi ma bai ce “to” ba, don ba abin da zai amsa.

Da azahar na ce wa Madam Lai'atu ta ara min buhun busasshiyar citta ɗaya da tsohon zani. Ta ce me zan yi da su. Na ce bincike. Ta ce in buhun ya yage ni da binciken za mu kwana a waje. Na kira Abdulhafiz ya rufe shago ya zo da wayarsa.

A bayan shagunan akwai tankin bohol a kan dogon ƙarfe, da tsani mai hawa ashirin. Rijiyar nan ta fi shi zurfi kusan ninki biyu, kuma Boaz ya fi buhun citta nauyi, don ba ya wasa da tuwo. Na ce ba komai, a yi wa fim ɗin rangwame. Muka ajiye buhun a gindin tsanin, an riga an ɗaura masa zanin don kada in ɓata lokaci. Na hau sama. Tsarin shi ne in ja numfashi, in sauko, in goya buhun, in koma sama ban shaƙa ba.

Abdulhafiz ya ce, “Ni fa ban ce kai ɗan sama-jannati ba ne.”

Na ce, “Danna agogo.”

Na cika ƙirji na sauko. Saukowa ba wuya. Na tsuguna na saɓa zanin a kafaɗa, na miƙe, na kama ƙarfe. Hawa na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu kunnena ya fara ƙara. A na shida bakina ya buɗe da kansa. Ban ba shi izini ba, ban ma san lokacin ba, sai ji na yi iska tana shiga kamar ana zuba ta da bokiti. Da a rijiya ne, wannan shaƙar ita ce ta ƙarshe.

Abdulhafiz ya ce, “Daƙiƙa arba'in da ɗaya.”

Na ce ban shirya ba ne. Na huta, na sake, ina ƙirga hawa. Na shida. Na tuna fuskar Boaz da gangan, na tuna yadda ya amsa sau ɗayan nan, na ce bari in ga ko so zai ƙara min hawa. Na sake. Na biyar. A saukowa buhun ya kama wani ƙarfe, bakinsa ya ɓalle, citta ta zube.

Na zauna a ƙasa cikin cittar. Na jira in ji wani abu, sauƙi ko kunya ko kuka. Ba abin da ya zo, sai ƙirjina da ke zafi da warin citta a hanci. Abdulhafiz ya tsuguna yana tsince ta yana mayarwa. Can ya ce, “Wutar nan ma dai ban san yadda aka yi ta ci ba.” Ya koma shagonsa.

Na rungumi buhun na zagayo gaba. Kawu yana kan bencinsa, ya riƙe zare a baki yana zura wa basilla. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalma uku ce ko huɗu, amma bakina bai saba da irinsu ba. Sai na dire buhun a gabansa, na ƙame kamar soja, na ɗaga murya yadda masu ɗinkin shagon gaba za su ji.

Na ce, “Ranka ya daɗe, sarkin ƙarƙashin ƙasa, farfesan fitila. Kwamitin bincike ƙarƙashin jagorancina ya kammala aiki a tsanin tanki. An gwada sau uku da buhu a baya, ba numfashi. An tabbatar fim ɗin ƙarya ne. Ba mai iyawa, Kawu. Ko rabi ba a kaiwa. Ni da ƙuruciyata a hawa na shida na tsaya. Da ka bar ni ranar nan, da biyu za ka jawo.”

Ya gama zura zaren. Ya ja shi ya daidaita bakin biyu. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, “Na shida. Ni na kai hawa na tara, da buhun siminti a baya. Matso da buhun, ka yage wa matar mutane kaya.”